Kanton da Taiwan: Tarihin Girki Biyu da Gudun Hijira Ya Kai Duniya

Masana girki a ƙasar Sin sukan kasa abincin ƙasarsu zuwa manyan salo takwas, kowane da lardinsa da halinsa. Na Sichuan ya yi suna da yaji mai kashe harshe, na Shandong da gishiri da kifin teku, na Jiangsu da zaƙi-zaƙi. Amma fiye da shekara ɗari, mai cin abinci a Amurka ko Ingila ko Peru bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da aka ɗora masa a faranti da sunan abincin Sinawa ya fito ne daga wani lungu guda na kudancin ƙasar, wato lardin Guangdong, wanda Turawa suka laƙaba wa babban birninsa Guangzhou sunan Kanton. Sai a shekarun 1970 wani girkin ya zo ya zauna kusa da shi, kuma ta tsibirin Taiwan ya biyo. Duka biyun, wahala ce ta fitar da su daga gida.

Kanton, ƙofar teku

Birnin ya samo asali ne a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da sojojin daular Qin suka ci yankin kudu suka kafa gari mai suna Panyu a bakin Kogin Lu'ulu'u. Ƙasa ce mai zafi da laima, ana noman shinkafa sau biyu a shekara, ganye ba ya yankewa, kifi da jatan lande kuwa daga ruwa sai tukunya. Wannan yalwa ce ta gina ɗabi'ar girkin Kanton. Mai girkin can ba ya son ya rufe ɗanɗanon abu da kayan yaji. Kifi mai rai ake kamowa, a turara shi da citta da lawashi, a zuba masa ɗan ruwan waken suya da mai mai zafi, shi ke nan. Idan ka ga an cika wa kifi yaji, a wurinsu alama ce ta cewa ya kwana.

A zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907, jiragen Larabawa da Farisawa sun riƙa sauka a tashar, har suka yi unguwarsu. Masallacin Huaisheng da ke birnin yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar Sin. Musulmin wurin suna cewa Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne ya gina shi, akwai ma kabarin da ake ziyarta da sunansa. Wannan riwayar baka ce. Littattafan tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa ya rasu ne a kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Abin da ba a jayayya a kai shi ne yawan baƙin, domin sa'ad da ɗan tawaye Huang Chao ya afka wa birnin wajen 879, marubucin nan Abu Zaid al-Sirafi ya ruwaito cewa an kashe baƙin 'yan kasuwa 120,000. Ko da an yi ƙari a adadin, ya nuna girman kasuwar.

Mutanen Fotugal sun zauna a Makau, kusa da bakin kogin, daga 1557. A 1757 Sarki Qianlong ya ba da doka cewa duk Baturen da ke son ciniki da ƙasar Sin ta teku, to Kanton kaɗai zai sauka. Shekara 85 ana haka. Shayi da siliki da tangaran duk ta nan suke fita, kuɗi suka taru a hannun attajiran birnin, kuma inda kuɗi suka taru, nan gwanayen girki ke taruwa.

Gidajen shayi

A ƙarni na 19 wata al'ada ta kafu wadda har yau ita ce zuciyar cin abinci a waje ga mutanen Kanton. Ta fara ne daga ƙananan rumfuna inda 'yan dako da matuƙa kwalekwale ke zama su sha shayi mai arha da ɗan abin taɓawa, kamar dai teburin mai shayi a bakin tasha. Da attajirai suka ga daɗin abin sai aka gina musu benaye. Tao Tao Ju, da aka buɗe a 1880, da Lin Heung na 1889, suna nan har yanzu. Zaman ana kiransa yum cha, ƙananan cimakar da ake kawowa cikin 'yan kwandunan gora masu tururi kuma dim sum. Akwai har gau, jatan lande a cikin ɓawon ƙulli mai sheƙi wanda ana hango abin da ke ciki. Akwai siu mai, da ƙafar kaza da aka dafa har ta yi laushi, da burodin da aka turara da gasasshen naman alade a ciki. Ba a zuwa a ci a tashi. Tsofaffi kan zo da jarida da kejin tsuntsu su share hantsi, 'yan kasuwa su ƙulla ciniki, iyali su haɗu ranar hutu.

Wanda aka zuba wa shayi yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu ko uku a madadin godiya. Ana cewa Sarki Qianlong ne ya taɓa ɓad da kama ya shiga gidan shayi, ya zuba wa baransa, baran kuwa ba shi da halin faɗuwa ya yi gaisuwa kada asiri ya tonu, sai ya lanƙwasa yatsu a kan tebur. Labari ne mai daɗi da ake ba yara da baƙi, kuma a matsayin labari ya kamata a riƙe shi. Haka ma labarin Lee Kum Sheung, wanda aka ce a 1888 ya manta da tukunyar ƙumbar teku a kan wuta har romon ya kafe ya yi baƙi, ya ɗanɗana ya ji daɗi. Mantuwar dai zancen iyalinsa ne, amma kamfanin Lee Kum Kee da ya kafa a shekarar gaskiya ne, kuma wannan baƙin romo yana cikin ginshiƙan girkin Kanton.

1842 zuwa 1882: yunwa da zinariya

Yaƙin da Birtaniya ta yi da Sin saboda cinikin ofiyom, daga 1839 zuwa 1842, shi ya karya Kanton. Yarjejeniyar Nanjing ta miƙa tsibirin Hong Kong ga Ingila, ta buɗe tashoshi biyar. Ciniki ya koma Shanghai, dubban 'yan dako da matuƙa suka rasa abin yi. Kafin a farfaɗo sai tawayen Taiping ya ɓarke a 1850, sannan daga 1855 zuwa 1867 aka yi ta zubar da jini tsakanin 'yan ƙasa da ƙabilar Hakka a kan gonaki, a yammacin bakin kogin. Gundumar Taishan da maƙwabtanta uku ne abin ya fi shafa. Ƙasarsu duwatsu ce, noman shekara ba ya kai su ƙarshenta, ga teku kuma a kusa.

A daidai wannan lokaci labari ya iso cewa an ga zinariya a Kalifoniya a 1848. A 1852 kaɗai, Sinawa sama da 20,000 suka sauka a San Faransisko, kusan dukkansu maza daga waɗannan gundumomi. Suka sa wa ƙasar suna Dutsen Zinariya. Wasu suka nufi Ostireliya bayan 1851. Wasu kuma ba da son ransu ba, domin tsakanin 1849 da 1874 an kwashi kimanin mutum 100,000 zuwa Peru da takardun ƙwadago da ba su da maraba da bauta, suna aikin rake da haƙar kashin tsuntsaye. Jikokinsu ne suka bar wa Peru gidajen abincin da ake kira chifa, waɗanda yau ba unguwar Lima da babu su.

Tun 1849 akwai gidan abinci mai suna Canton a San Faransisko. Sai dai mafi yawan waɗanda suka riƙe tukunya daga baya ba gwanayen benayen Guangzhou ba ne. Manoma ne da suka tuna yadda iyayensu mata ke girki, suka haɗa da abin da kasuwar Amurka ke da shi. Daga 1865 kamfanin Central Pacific ya ɗauki Sinawa sama da 10,000 aikin layin dogo a cikin duwatsu. Da aka haɗe layin a 1869 aka sallame su, suka bazu neman aiki, Turawa 'yan ƙwadago suka ɗaura musu karan tsana. A 1882 majalisar Amurka ta yi dokar hana 'yan ƙwadagon Sin shiga ƙasar, karo na farko da aka rufe ƙofa ga wata al'umma da sunanta. A 1885, a garin Rock Springs, an kashe Sinawa 28 rana guda. Da aka kore su daga ma'adinai da masana'antu, sana'a biyu suka rage musu, waɗanda Turawa ke ɗauka aikin mata ne: wanki da guga, da girki.

1896 zuwa 1943: chop suey da ramin doka

Abincin da ya fara jawo Amurkawa shi ne chop suey, yankakken nama da ganyaye da tsiron wake da aka soya tare. Ana cewa masu girkin babban jami'in Sin Li Hongzhang ne suka ƙirƙiro shi lokacin ziyararsa New York a 1896. Wasu kuma suna cewa wani mai gidan abinci ne ya tattara ragowar kwanuka ya ba mahaƙa zinariya da suka zo masa cikin dare a buge. Ziyarar ta faru, jaridu sun yi ta yayata ta, masu gidajen abinci kuma suka ci moriyar labarin. Amma an riga an ambaci abincin a jaridun New York tun shekarun 1880, kuma manoman Taishan sun daɗe da sanin soya guntattakin abin da ya samu.

Abin da ya yawaita gidajen ba daɗin girki ba ne kaɗai. Dokar 1882 ta bar ƙofa ga 'yan kasuwa, suna iya shiga da fita, su kawo iyali. A 1915 kotun tarayya ta yarda a lissafa masu manyan gidajen abinci cikin 'yan kasuwa. Nan take dangi suka fara haɗa jari, su buɗe wuri mai fitilu da labule, su riƙa karɓa-karɓar muƙamin manaja, kowa ya samu takarda ya je gida ya taho da ɗa ko ƙane. Gidajen suka ninka cikin shekara goma. A ganina wannan ne mabuɗin tarihin duka: dokar da aka yi don a kori mutane ita ta cika biranen Amurka da ɗakunan girkinsu. Ba a soke ta ba sai 1943, lokacin da Sin ta zama abokiyar yaƙi da Japan.

Yaƙin ne kuma ya ba su wani abin da ba nasu ba. Ɗan biskit ɗin nan mai takardar fatan alheri a ciki, da ake bayarwa bayan cin abinci, asalinsa na Japanawan Kalifoniya ne. Da aka tsare Japanawa a sansanoni a 1942, Sinawa suka gaji sana'ar. A ƙasar Sin ba a san shi ba.

Hong Kong

Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949, attajirai da gwanayen girkin Guangzhou suka tsallaka Hong Kong, inda girkin Kanton ya kai ƙololuwa: gasasshiyar dinya, kifi daga tankin gilashi, dim sum a kan 'yan amalanke ana zagayawa tsakanin tebura. A ƙauyukan yankin kuma shinkafa mai arha daga Tailan ta kashe noma, sai samari suka kama hanyar Ingila a shekarun 1950 da 1960. Su ne suka buɗe shagunan saya-ka-tafi a kusan kowane gari na Birtaniya. Da aka sa hannu a 1984 cewa Hong Kong za ta koma hannun Sin a 1997, masu hali suka yi ƙaura zuwa Vancouver da Toronto da Sydney, masu girki na gaske suka bi kuɗin. Sai a lokacin yawancin Turawa suka ɗanɗani abin da mutanen Kanton ke ci da kansu. A ƙarshen 2008 gidan Lung King Heen na Hong Kong ya zama na Sinawa na farko da ya samu taurari uku na Michelin, babbar lambar yabo ta gidajen abinci.

Taiwan kafin 1949

Tarihin Taiwan daban yake. Mazaunanta na asali ba Sinawa ba ne, dangin mutanen Filifin da Indonesiya ne. Mutanen Holan suka kafa sansani a Tainan a 1624, suka jawo manoma daga lardin Fujian. Wani jagoran yaƙi na Sinawa, Zheng Chenggong, ya kore su a 1662, daular Qing ta karɓe tsibirin a 1683. Baƙin haure daga Fujian da 'yan Hakka suka zo da girkin talaka: fate-faten shinkafa da dankali, kayan da aka adana da gishiri, wainar ƙwai da ƙumbar teku, kaza da aka dafa da man riɗi da ruwan waken suya da giyar shinkafa da ɗoɗɗoya. Rake ya yawaita a kudu, shi ya sa girkin Tainan ke da zaƙi. Manomi kuwa ba ya cin naman sa, don yana ganin butulci ne ya yanka wanda ya ja masa garma.

A 1895 Sin ta miƙa tsibirin ga Japan, wadda ta riƙe shi shekara 50. A shekarar ne wani masunci a Tainan ya fara tallar taliya a lokacin da guguwa ke hana fita teku, kuma shagon Tu Hsiao Yueh da ya samo asali daga gare shi yana nan. Japanawa suka kawo gajeriyar shinkafa mai danƙo a shekarun 1920, da abincin akwati na jirgin ƙasa. Su ne kuma suka fara kiran girkin manyan gidaje irin Kang San Lau na Taipei da sunan girkin Taiwan.

1949: ƙasa guda a cikin tsibiri

Da shugaban Sin Chiang Kai-shek ya sha kaye a hannun jagoran 'yan gurguzu Mao Zedong, mutum sama da miliyan ɗaya suka bi shi zuwa Taiwan, sojoji da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane lardi. An zuba iyalan sojoji a unguwannin wucin gadi da zaton za a koma gida nan da 'yan shekaru. Ba a koma ba. Matar ɗan Sichuan ta yi maƙwabtaka da matar ɗan Shandong, katangar gora ce kawai a tsakani, girki ya fara tsallaka katanga. Tallafin Amurka na 1951 zuwa 1965 ya kawo fulawa buhu-buhu ga mutanen da shinkafa suka sani, 'yan arewacin Sin kuwa suka san yadda za su yi da ita. Daga nan taliya da romon naman sa ta fito, wadda yau Taiwan ke alfahari da ita. Ana danganta mai jan romo ga tsofaffin sojojin Sichuan a Gangshan, mai farin romo kuma ga Musulmin arewa da suka yi tallarta a Taipei. Tsibirin da ke ƙyamar naman sa ya koma yin gasar girka shi duk shekara.

A lokacin da babban yankin Sin ke cikin yunwar 1959 zuwa 1961, sannan juyin al'adu daga 1966 ya mai da girkin alfarma laifi, Taipei ta zama ma'ajiyar girkin lardunan duka. Fu Pei-mei ta fara koyar da shi a talabijin a 1962, ta shafe kusan shekara 40 tana yi. Wu Zhaonan, ɗan barkwanci daga Beijing, ya ƙirƙiro gashin nama a 1951, amma sunan Beijing a lokacin na iya jawo zargin goyon bayan 'yan gurguzu, sai ya jingina shi ga Mongoliya, ƙasar da ba ta san da shi ba.

Mafi shahara shi ne Peng Chang-kuei, ɗan Hunan mai girka liyafar gwamnati. A shekarun 1950 ya haɗa wata soyayyar kaza mai yaji da tsami da tafarnuwa, ya sa mata sunan Janar Zuo Zongtang, ɗan lardinsu. An ce don wani babban hafsan sojan ruwan Amurka, Arthur Radford, ya fara girka ta. Janar Zuo ya mutu tun 1885, bai taɓa jin ƙamshinta ba. Mai karatu Musulmi zai so ya san cewa shi ne ya murƙushe tawayen Musulmin Shaanxi da Gansu, sannan ya ci Xinjiang da yaƙi a shekarun 1870. Miliyoyin masu cin kazar ba su san ko wane ne ba.

1965 zuwa yau

Dokar shige da fice ta Amurka ta 1965 ta buɗe ƙofa, kuma tun da babban yankin a rufe yake, daga Taiwan da Hong Kong aka fi shigowa: ɗalibai, injiniyoyi da masu girki. Nan girkin biyu suka haɗu a titi ɗaya. Hanyar ba ta rasa ƙaya ba. A 1968 wata wasiƙa a mujallar likitoci ta jawo zargin cewa farin magi na gidajen Sinawa na sa ciwon kai, alhali wani Bajapane ne ya gano sinadarin a 1908, kuma yana cikin kayan gwangwanin Amurkawa da kansu. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da zargin ba, amma tabon ya daɗe.

Ziyarar Shugaba Nixon zuwa Beijing a Fabrairun 1972, da aka nuna shi a talabijin riƙe da tsinkayen cin abinci, ta sa Amurkawa neman abin da ya wuce chop suey. Peng ya buɗe gidansa a New York a 1973, kusa da hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya, babban jami'in Amurka Henry Kissinger ya zama mai yawan zuwa. Sai ya tarar wasu masu girki sun riga shi kai irin kazarsa, sun ƙara mata sukari da garɗi. Mai sukarin ce ta ci kasuwa.

Duk wannan, abin da Taiwan ke fitarwa girkin wasu larduna ne. Nata na gado ana raina shi, ana ganinsa na bakin titi, kamar yadda aka hana yara magana da harshen gida a makaranta. Bayan ɗage dokar sojan da ke kan tsibirin a 1987 abin ya juya. A 2000 Shugaba Chen Shui-bian ya sa aka kawo cimakar titin Tainan a liyafar rantsar da shi, kuma kowa ya gane saƙon. Kasuwannin dare suka zama abin nuna wa baƙo. Shayin madara mai ƙwallayen sitacin rogo, wanda shaguna biyu, Chun Shui Tang na Taichung da Hanlin na Tainan, suka yi ta shari'a a kan wa ya fara shi a shekarun 1980, ya zagaye duniya. Yang Bing-yi, da ya buɗe shagon man girki a 1958, ya ga man gwangwani na kashe masa kasuwa, sai a 1972 ya koma sayar da 'yan ƙunshin ƙulli masu romo a ciki, irin na yankin Shanghai. Shagon nasa shi ne Din Tai Fung, mai ka'idar lanƙwasa 18 a kan kowane ƙunshi, wanda ya buɗe reshe a Tokyo a 1996 da Kalifoniya a 2000.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sayen kaya suna kwana a tsakiyar mahaifar wannan girki, amma kaɗan ne ke ɗanɗana shi. Dalilin a bayyane yake: naman alade da kitsensa da giyar shinkafa sun ratsa girkin Kanton da na Taiwan, har abincin da ido ke gani ganye ne zalla yana iya zama da romon alade aka dafa shi. Don haka sukan tsaya a unguwar Xiaobei, wurin Musulmin Hui da Uigur masu taliyar Lanzhou da tsire, girkin da ya fito daga can arewa maso yamma. Wanda ke son dim sum na halal sai ya tsallaka Hong Kong, unguwar Wan Chai, inda ɗakin cin abinci na cibiyar Musulunci da ke Masallacin Ammar yake yin siu mai da sauransu da naman kaza da na sa.